Wa ke koyar da masu fito a Kogin Haɗejia?

Daga Wudil zuwa Ringim, Kogin Haɗejia yana ratsa gabashin Kano, yankin da Gaya da Ajingi da garuruwa irin su Gafasa suke. A nan tuƙin kwalekwale gado ne, gida ne makarantarsa.

Yaron masunta yakan fara da iyo a kan gora, sannan kwarfar ruwa daga cikin jirgi, kafin mahaifi ko yayansa ya miƙa masa filafili. A hannunsu yake sanin inda ruwa ke da zurfi, yadda ake raba kaya don kada jirgi ya karkata, da lokacin da ba a fito. Sarkin Ruwa ne ke tsawatarwa bisa al'ada.

Sai dai kogin ya sauya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, hawa da saukar ruwa sun dogara har da sakinsa daga madatsun, ba damina kaɗai ba.

Ganganci kuwa yana cin rayuka. A Nuwamban 2021 jirgin da aka cika maƙil ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya.

Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta wajabta rigar kariya, ta hana tafiyar dare. Amma dokar ba za ta yi tasiri a mashigi ba sai an haɗa kai da gidajen da ke horar da matuƙan.