Gudun asuba a Central Park: abin da agogon GPS ke yi, da abin da yake tona wa

Baƙon da ya sauka New York daga tafiya mai nisa ba ya samun barcin kirki a daren farko. Da ƙarfe huɗu idonsa biyu, da ƙarfe shida kuma, lokacin da ake buɗe Central Park, ya ɗaura takalmi ya fito. Titin da ya zagaye lambun ya kusa kilomita 10, ƙaramin zagayen da ke bakin tafki kuma kilomita 2.5 ne. Sai dai kafin ya ɗaga ƙafa, agogon hannunsa ya tsaya yana neman tauraron ɗan'adam, minti ɗaya, minti biyu, shiru.

Agogon bai lalace ba. Taurarin GPS suna shawagi ne a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma agogo na buƙatar aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ya gane inda yake. Idan ya saba da gari guda, ya san ɓangaren sama da zai duba. Da an ɗauke shi a jirgi zuwa wata nahiya, wannan sanin ya tashi a banza, sai ya koma lalube. Taurarin kuma ba su da sauri wajen magana: bit 50 kacal suke aikowa a daƙiƙa, abin da ya sa cikakken jadawalinsu ke ɗaukar minti 12 da rabi kafin ya sauka. Maganin mai sauƙi ne. A haɗa agogon da waya ta manhajarsa tun a otal, ya sauke jadawalin ta intanet, sannan a tsaya a fili, ba gindin bene ba, har ya kama.

Dogayen benayen Manhattan ma suna da nasu ɓarnar. Sigina na bugun gilashi ya dawo a makare, sai taswira ta nuna mutum ya ratsa ta cikin gini. Sababbin agoguna masu karɓar zango biyu, L1 da L5, sun rage wannan sosai, amma suna cin batir.

Wannan duk ƙaramin ciwon kai ne. Babban yana zuwa bayan an gama gudu, lokacin da agogo ya tura komai zuwa Strava. Layin da ke kan taswira yana farawa ne daga inda aka danna maɓalli, kuma yawancin matafiya a ƙofar otal suke dannawa. Wanda ya buɗe shafin ya ga masauki, ya ga lokacin fita, ya ga hanya. Idan aka maimaita kwana uku, ya san gobe ma.

A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin masu motsa jiki tana nuna sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afghanistan, saboda sojoji na gudu da agogo a hannu. A Oktoban 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta nuna yadda gudun masu tsaron shugabanni ke fallasa tafiye-tafiyensu. Cikin misalan da ta kawo har da otal ɗin da Joe Biden ya sauka a San Francisco a 2023, lokacin ganawarsa da Xi Jinping: wani jami'in tsaro ya fita gudu daga nan, ya ɗora a Strava.

Manhajar tana da saitin ɓoye farko da ƙarshen hanya, kuma ana iya mayar da shafi na mabiya kawai. Ɓoye 'yan mitoci ba ya wadatarwa a unguwar da otal ɗaya ne a kan layin. Ya fi a taka da ƙafa har cikin lambun kafin a danna maɓalli, a kashe kafin a fito, sannan a bar gudun a ɓoye har sai jirgin komawa gida ya tashi.