Shirin Musamman: Allo, Rediyo da Waya a Makarantun Mubi

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirin namu ya ya da zango a Mubi, garin da kogin Yedzaram ya ratsa, a gindin duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru. An fi sanin Mubi da kasuwar shanu, amma gari ne na karatu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, ga Kwalejin Fasahar Kiwon Lafiya. To wace na'ura ce za ta yi wa malamin aji amfani a irin wannan gari?

Mutanen Mubi sun san ɗacin rufe makaranta. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye garin, iyalai suka tsere zuwa Yola da Kamaru, azuzuwa suka zama kufai. An ƙwato garin cikin Nuwamba, amma karatun yara ya riga ya samu giɓi. A irin wannan hali ne Jami'ar Amurka da ke Yola, da tallafin hukumar USAID, ta ɓullo da shirin TELA a 2015. Da rediyo aka riƙa koyar da karatu da lissafi, yara na zaune rukuni-rukuni a unguwanni, wani babba na yi musu jagora, sannan aka haɗa da 'yan ƙananan kwamfutocin hannu. Yara kusan 22,000 shirin ya kai gare su a jihar Adamawa. Da tsohuwar zuma ake magani: akwatin rediyo mai batir ne ya ɗauki mafi yawan nauyin.

(Gajeren kiɗa)

Ban da rediyo, akwai batun kwamfuta: tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, tsoron na'urar kaɗai ya isa ya cinye masa lokaci, ko da ya san amsa. Haka kuma, bayan korona ta rufe makarantu a 2020, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft sun ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport a Maris na 2022. Darussanta kyauta ne, har da na Hausa.

Sai dai malamin firamare a Mubi zai ce maka, "Ranka ya daɗe, kyauta ce, amma ina wuta, ina data?" Gaskiyarsa. Duk manhajar da ba ta aiki sai da intanet mai ƙarfi, kwalliya ce kawai a ajin da ba ya ganin lantarki.

Amsar tana cikin kasuwa. Ku dubi masu turi, waɗanda ke loda wa jama'a fina-finai da waƙoƙi a memori. Ba su jiran intanet, sau ɗaya suke saukewa, su tura wa mutum ɗari. Haka malami ɗaya zai sauke bidiyon yadda zuciya ke harba jini, ya tura wa abokan aikinsa ta manhajar Xender. Waya ɗaya, 'yar ƙaramar lasifika da farantin sola sun ishi aji guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya sayen waɗannan.

Akwai kuma abin da ba a saukewa daga ko'ina. Yaron Mubi na iya tashi da Gude ko Fali ko Fulatanci a gida, ya ji Hausa a kasuwa, ya tarar da Turanci a aji. Malaminsa ne ya san da wane harshe bayani zai zauna masa. Idan ya naɗi muryarsa yana warware darasi, ya tura wa iyaye ta WhatsApp, yaron zai sake ji da dare har ya gane. Saboda haka kafin a raba na'urori, a fara horar da malamai, a kuma biya su haƙƙinsu a kan kari.

Nan za mu dasa aya a shirin na yau. Malamai, ku aiko mana da dabarun da kuke yi a azuzuwanku, za mu karanta su a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)