Gwajin Matakin Kama Wuta na Magungunan Ƙwari da Mai

Gabatarwa

Manomi da malaman gona, yawancin magungunan ƙwari na ruwa masu alamar EC a jikin kwalba ana narkar da su ne cikin sinadarai dangin man fetur, irin su zailin. Saboda haka, ban da guba, suna ɗauke da haɗarin gobara. Kafin a san girman wannan haɗari, sai an auna matakin kama wuta a ɗakin gwaji.

Mene ne matakin kama wuta?

Shi ne mafi ƙanƙantar zafi da ruwan sinadari zai fitar da tururi mai yawan da zai kama da zarar wuta ta kusance shi. Ku lura, tururin ne ke fara ci, ba ruwan ba. Fetur yana kai wannan mataki tun a wajen digiri 43 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Zailin yana kaiwa a wajen digiri 27, kananzir daga digiri 38, man dizal kuwa daga digiri 52 zuwa sama. Duk abin da lambarsa ta fi ƙasa, shi ya fi haɗari.

Yadda ake gwajin

Na'urar da aka fi amfani da ita ana kiranta Pensky-Martens. Ana zuba kimanin mililita 75 na sinadarin a ƙoƙon tagulla mai murfi, a riƙa ɗumama shi sannu a hankali ana motsawa. Lokaci-lokaci sai a buɗe wata 'yar kafa a murfin, a tura ɗan harshen wuta. Zafin da aka fara ganin walƙiya a cikin ƙoƙon shi ake rubutawa, sannan a daidaita shi da nauyin iskar wurin. A ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta jigilar kaya, ruwan da matakinsa bai wuce digiri 60 ba ana lissafa shi cikin masu saurin kama wuta.

Me ya sa ya shafe ku?

A watan Afrilu zafin rana a arewacin Nijeriya yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Ke nan ko kananzir mai kyau ya riga ya kai matakinsa. Idan kuma an gauraya shi da fetur, ko kaɗan ne, matakin yana sauka ƙwarai, dalilin da ke sa fitila ko risho su fashe.

Abin da za ku kiyaye

1. Ku sayi magani mai lambar rajistar NAFDAC, ku duba ko akwai hoton harshen wuta a jikinsa.
2. Ku ajiye shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da madafa, janareto da rumbun hatsi.
3. Kada ku sha taba ko ku haska da fitilar ƙwai yayin haɗa magani.
4. Kada ku yanka ko ku yi wa durom walda don kun ga babu komai ciki. Tururi na nan.
5. Ku tanadi bokitin yashi a bakin ƙofa, domin ruwa yana baza wutar mai.

Malaman gona su nemi takardar bayanin kariya daga dillali. Wannan lamba tana sashe na 9.