Idan binciken babban hanji bai kai ƙarshe ba

Akwai wani bincike da ake kira koloskopi. Likita yana zura siririn tiyo mai fitila da kamara ta dubura, domin ya ga cikin babban hanji. Tsawon wannan hanji ya kai kamar mita 1 da rabi. Binciken bai cika ba sai tiyon ya isa mafarin hanjin, can ƙasan ciki ta hannun dama.

Wani lokaci tiyon yakan tsaya a hanya. Me ke kawo haka? Ko dai hanjin bai wanku ba, kashi ya rufe hanya. Ko hanjin ya cika tsawo, tiyon ya nannaɗe kamar tiyon ban-ruwa a garka. Ko tabon tsohuwar tiyata ya ɗaure hanjin. Ko wani ƙari ya matse hanya. Ko kuma zafi ya yi wa marar lafiya yawa.

Mu lura da kyau: wanda ya duba rabin rumbu ba zai ce babu gara ba. Ƙananan tsiro da kan rikiɗa su zama ciwon daji suna iya ɓuya a inda ba a gani ba. Saboda haka dole a koma.

Ga hanyoyin da likita ke bi a karo na biyu:

1. A gyara wankin ciki. Kwana 2 ko 3 kafin ranar, a bar wake, ganye da abinci mai dusa. A raba maganin wankin ciki kashi biyu: rabi da dare, rabi da asuba.
2. A ba marar lafiya maganin barci, don kada ya ji zafi.
3. A sauya tiyo, a ɗauki wanda ya fi siranta, irin na yara. Akwai kuma mai balan-balan a baki, wanda ke riƙe hanji ya miƙe.
4. A juya kwanciyar marar lafiya, mataimaki ya danna cikin da hannu. Wani likita yakan buɗe hanjin da ruwa maimakon iska.
5. Idan tiyo ya ƙi wucewa, a ɗauki hoton hanjin da na'urar sikana. Amma hoto ba ya cire tsiro. In an ga wani abu, sai an sake zura tiyo ko an yi tiyata.

Ba kowane asibiti ke da waɗannan kayan aiki ba. Ana iya tura mu babban asibiti, kamar na Yamai. Mu tafi da takardar binciken farko, domin ita ce ke nuna inda aka tsaya da dalilin tsayawar.

Wanda ke ganin jini a kashi, ko yake ramewa ba dalili, kada ya ce basir ne kawai ya zauna gida. Kunya ba ta warkar da ciwo. Mu koma a ƙarasa binciken, tun abu yana ƙarami.