Dorugu, yaron da aka rubuta Hausa daga bakinsa

A watan Mayun 1853 wani ayari ya sauka a Gwandu. Madugunsa Bajamushe ne, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim. Sarkin Gwandu Halilu ko ganinsa ya ƙi yi. Cikin barorin Barth akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, haifaffen Dambanas ta ƙasar Damagaram. An kama shi a harin bayi, ya tsinci kansa a Kukawa, sai abokin tafiyar Barth, Overweg, ya 'yanta shi. Daga Gwandu suka bi ta Birnin Kebbi da Zogirma, arewa da Bagudo, suka haye Kwara a Say, sai Tambutu.

A 1855 Barth ya tafi da Dorugu Ingila. Can ya faɗa hannun Fasto James Schön, wanda ya yi karatun mishan a Basel, ya kuma hau Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther.

Irinsu Schön tafarkin Martin Luther suke bi. Luther ne ya mayar da Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, kuma a 1530 ya ce mai fassara ya saurari uwa a ɗaki, da yara a kan titi, da talaka a kasuwa, ya rubuta yadda suke magana. To, ina Schön zai ga kasuwar Hausa a garin Chatham, inda yake zaune? Dorugu ne ya zame masa kasuwar.

Yaro na faɗa, dattijo na rubutawa: tatsuniyoyi, labarin bautarsa, tafiyar Tambutu, har da yadda Turawa ke zaman cin abinci a kan tebur, abin da ya sa wa ido sosai. A 1857 Linjilar Matiyu ta fito da Hausa. Littafin nahawu ya biyo baya a 1862, ƙamus a 1876, sannan littafin Magana Hausa a 1885.

Jami'ar Oxford ta karrama Schön da digirin dakta a 1884, kuma ya cancanta. Amma Hausar dai ta Dorugu ce. Shi kuwa ya komo Afirka a 1864, ya yi tafinta ga Turawa iri-iri, a ƙarshe ya koyar da boko a makarantar Baturen da ake kira Ɗan Hausa a Nassarawa, Kano. A nan ya rasu a 1912.