Ba Kowane Rawayan Ganye Ne Yunwar Taki Ba

Damanar da ta wuce na leƙa gonar wani maƙwabcina a hanyar Kalmalo, inda ya shuka wake don harawar ragunan da yake turkawa. Ganyen ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya tattakure, wasu gindin ko yaɗo ba su yi ba. Na ce, "Malam, me ka yi masa?" Ya ce taki ya ƙara, ya yi feshi sau biyu. Irin fa? Ranar Lahadi ya auno a kasuwar Illela, cikin waken da ake sayarwa don tukunya.

To ga inda gizo ke saƙa. Ciwon ƙwayar bairos ne, kuma wasu irinta a cikin ƙwayar waken suke kwana. Ka shuka, ta tsiro tare da shi, darɓa ta tsotsi mai ciwo ta kai wa mai lafiya. Taki ba ya warkar da shi, feshi ma darɓar kaɗai yake kashewa. Kuɗin maƙwabcin nawa dai sun bi ruwa, harawar da ya ɗaure kuwa ba ta kai shi bazara ba.

Abin haushi, gane ciwon ba ya bukatar boko. Yunwar taki daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa, rawayan bai ɗaya. Bairos kuwa a sabon toho yake nunawa, ganye ya yi zane-zane ya murɗe, kuma za ka ga gindi mai ciwo kusa da lafiyayye. Juya bayan ganyen, sau da yawa ga darɓar nan baƙi ƙirin. Amma mutum sai ya tsaya bakin gona ya hango kore, ya ce Alhamdulillahi, ya hau babur.

Ba wake kaɗai bairos ke kamawa ba. Dattawa ba su manta da 1975 ba, shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye kusan hekta 700,000 a Arewa. Darɓa ce ta yaɗa ta. Kuturtar ba ta bin iri, amma tana fakewa a gyauron da muke bari da rani, musamman a fadama. Cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da irin gyaɗa masu jure mata, kamar SAMNUT 24, mai ba da harawa da yawa.

Ciwon bairos ɗin shuka ba ya kama dabba, kada a zubar da harawa don tsoro. Abincinta yake ragewa.

Gindin da ka gani da alamar tun yana ƙarami, tuge shi ka binne, ka kai wa malamin gona ganyen ya duba. Waken gonar da ta kamu a ci shi, a sayar wa masu ƙosai, amma don Allah kada a ajiye shi iri, kada kuma a ba ɗan'uwa na Ƙonni ya je ya shuka.