Kalmar "Pale" da Tarkon da Ta Ɗana wa Mai Fassara

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus yana neman ma'anar kalmar Turanci "pale" zai samu amsa nan take: launin da bai cika ba. Amsar ba ƙarya ba ce, amma rabin zance ce, kuma duk wanda ya riƙe ta ita kaɗai zai yi ta tafka kuskure. Haruffa huɗun nan kalmomi biyu ne da ba su haɗa kaka ba, kamar baƙi biyu da dare ya haɗa a masauki ɗaya. Ta farko ta fito daga "pallidus" na Latin, ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga bakin mutanen Ingila wajen shekarar 1300, ita ce mai maganar launi. Ta biyu daga "palus" take, wato turken da ake kafawa a yi shinge.

Ta biyun nan ce ta fi yin nisan tafiya. Daga turke ta koma shinge, daga shinge ta koma iyaka, har ta zama sunan yankin da ke cikin iyakar. A ƙarni na 15, da wannan suna ake kiran ɗan yankin da ke kewaye da Dablin a tsibirin Ailan, inda ikon sarkin Ingila yake aiki sosai. Da shi kuma Turawa suke kiran yankin yammacin daular Rasha da Sarauniya Katarina ta fara keɓe wa Yahudawa a 1791, aka hana yawancinsu zama a wajensa har zuwa 1917. Saboda haka idan ɗan jarida ya rubuta cewa halin wani "beyond the pale" ne, ba launi yake nufi ba ko kaɗan. Cewa yake yi mutumin ya ƙetare shinge, ya wuce gona da iri.

Ko ita mai maganar launin, da zarar ta shigo Hausa sai ta rarrabu. Rigar da tun daga rini ba ta yi ja sosai ba, ja-ja ce. Atamfar da ta sha wanki da rana har zanenta ya fara ɓacewa, koɗewa ta yi. Tauraro idan alfijir ya keto, dusashewa yake yi. Mutumin da ciwo ya ci, shi kuwa ɗashewa ya yi. Wani zai ce ai wannan rauni ne, tunda Turanci ya gama da kalma ɗaya abin da Hausa take buƙatar huɗu. A ganina akasin haka ne. Kowace daga cikin huɗun tana gaya maka yadda aka yi launin ya rage, ko haka aka yi shi, ko gushewa ya yi, ko wani haske ne ya rinjaye shi, ko jini ne ya ragu. Baturen da ya ce "pale" ya bar wa mai sauraro wannan aikin.

Inda abin ya fi nauyi shi ne maganar jiki. A kan farar fata wannan ma'ana ta girma. Idan tsoro ya kama mutum, ƙananan jijiyoyin fatarsa sukan tsuke, jini ya ja baya, kuma a fuskar Bature kowa zai gani. A baƙar fata hakan na faruwa, sai dai duhun fatar yakan ɓoye shi. Malamin da ya ce a bai wa yara ma'ana ɗaya su haddace don jarrabawa yana da hujjarsa, lokaci kaɗan ne, manhaja kuma da yawa. Amma yaron da ya fassara jarumin labari da ya firgita da cewa "ya yi fari" ya juya zancen baibai, don a wurinmu idan aka ce wance ta yi fari ta yi kyau, hutu da jin daɗi ake nufi. Mu a ciki muke jin tsoro: gaba ya faɗi, hantar ciki ta kaɗa.

A asibiti kuwa kuskuren ya wuce na jarrabawa. Zazzaɓin cizon sauro, sikila, tsutsar ciki da rashin sinadarin ƙarfe a abinci duk suna jawo ƙarancin jini, kuma littattafan likitanci na Turanci da wannan kalma suke bayyana alamarsa. Shi ya sa ma'aikaciyar lafiya ba ta tsayawa kallon kumatun yaro. Takan buɗe tafin hannunsa ta gwada da nata, kamar yadda ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kan cututtukan yara ta tanada, sau da yawa kuma ta ɗan ja fatar idonsa ta ƙasa, ta duba harshe da farce. Uwar da take jiran fuskar ɗanta ta yi fari kafin ta kai shi asibiti za ta iya makara.